Yadda Ake Zaɓar Injinan Motsa Ruwa Don Babban Tankin Murjani a Karkarar Kano da Jigawa

Murjani mai rai, halittar teku da ke manne wa duwatsu, ba ya tashi daga inda ya manne. Ruwa ne ke kawo masa abinci da iskar shaƙa, ruwa ne kuma ke kwashe yauƙin da yake fitarwa da dattin da ke sauka a kansa. A tekun Indonesiya ko Bahar Maliya, igiya ce ke wannan aiki dare da rana. A tankin gilashin da aka kafa a gidan gona a Bunkure ko a falon wani Alhaji a Ringim kuwa, babu mai yin sa sai injin da ka saya.

Wanda ya saba kiwon tarwada ya yi hattara a nan. Tarwada na hawowa sama ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da ya kwana a tsaye. Kifin teku ba ya da wannan baiwa, kuma ruwan gishiri da ma ba ya riƙe iska sosai. A zafin digiri 25, lita ɗaya ta ruwan rijiya na riƙe miligiram 8 da ɗan ɗori na oksijin, ta ruwan teku kuwa ba ta kai 7 ba, kuma duk digirin da ya ƙaru sai ta ragu. Idan injina suka tsaya da daddare a watan Afrilu, kafin asuba kana iya tarar da kifaye suna haki a saman ruwa.

Masu wannan sana'a a Turai da Amurka suna fara lissafi da tambayar lita nawa injin ke turawa. Mu ma za mu yi wannan lissafin, amma abin da ke yanke hukunci a nan shi ne wat nawa injin ke ci, domin kowane wat zafi ne a cikin ruwa da rana, kuma nauyi ne a kan batir da dare.

Mataki na farko: san ruwan da ke cikin tankin

A auna ciki da ciki da santimita, a ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa, a raba da 1,000. Za mu yi ta aiki da tanki mai tsawon 200, faɗi 80, tsayi 70. Ruwa ba ya cika har baki, yana tsayawa wajen 65, wato lita 1,040. Duwatsu da yashi za su cinye fiye da lita 100. A ɗauka ruwan lita 900 ne.

Mataki na biyu: wane murjani za a zuba?

Ana auna motsin ruwa da yawan sau da injina ke juya ruwan tankin a awa ɗaya. Ƙiyasin da masu kiwo ke bi shi ne: murjani mai laushi, marar ƙashi, sau 10 zuwa 20, mai ƙashi da manyan tsoka, wanda 'yan kasuwa ke rubutawa LPS, sau 20 zuwa 30, mai ƙashi da ƙananan baki, SPS, irin su Acropora masu rassa, sau 40 zuwa 60, wasu har su wuce.

Shawararmu ga wanda zai fara a karkara ita ce ya tsaya kan mai laushi da LPS. Acropora ba ya yafe hawa da saukar zafi, kuma a inda kake kusan kilomita dubu da Legas a mota, maye gurbin wanda ya mutu ba aikin yini ɗaya ba ne. Don tankinmu sai mu ɗauki sau 30: lita 900 sau 30, lita 27,000 ke nan a awa.

Kada ka sayi injinan da jimillarsu ta tsaya daidai 27,000. Adadin da ke jikin kwali na injin da ke sabo ne fil, yana gudu a ƙarshen ƙarfinsa. Bayan wata biyu gansakuka da farin dutse sun kama farfelarsa, ya ragu. Nemi jimillar 40,000 zuwa 45,000, ka riƙa gudanar da su a kashi 60 cikin ɗari. Sun fi shiru, sun fi sanyi, sun fi daɗewa, kuma idan murjani ya girma ya tare hanya kana da abin ƙarawa.

Mataki na uku: aiki biyu ne, injina iri biyu

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayo ƙaton famfo ɗaya a ce shi zai yi komai. Akwai famfon mayarwa, wanda ke zaune a tankin ƙasa, wato ƙaramin tankin da ke cikin kabad inda tacewa da injin kumfa mai fitar da datti suke, yana ɗaga ruwa zuwa sama. Shi aikinsa kai ruwa wurin tacewa ne, sau 3 zuwa 5 a awa ya wadatar. Sai fankokin ruwa, waɗanda 'yan kasuwa ke kira wefmeka, da ke manne a jikin gilashi a cikin babban tankin. Su ne ke yin motsin da murjani ke buƙata. Fanka ba ta ɗaga ruwa sama, turawa kawai take yi a kwance, shi ya sa da wat 20 take motsa ruwan da famfo ba zai motsa da wat 150 ba.

Kafin a ci gaba, a cire rai daga sumo na rijiyar burtsatse da famfon ban-ruwa. Akwai ƙarfe da tagulla a jikinsu, wasu har da mai a ciki. Gishiri zai cinye su, kuma jan ƙarfe ko kaɗan ya narke a ruwa yana kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi. Duk abin da zai taɓa ruwan sai ya zama roba, ko tangaran, ko titaniyam. Wannan ya haɗa da bawul da kilif na ɗaure tiyo.

Mataki na huɗu: zaɓen fankoki

Abin da ake nema shi ne ruwa mai faɗi da ke sauya alkibla, yadda iska ke bi ta kan shinkafar Kadawa ta kwantar da ita nan ta ɗago ta can. Ruwa siriri mai ƙarfi da ke dukan wuri ɗaya yana saɓule tsokar murjani daga ƙashinsa.

Iri uku ne a kasuwa. Na farko fankar da injinta gaba ɗaya ke cikin ruwa, maganaɗisu na riƙe ta daga waje, irin na Tunze na Jamus da Jebao na Sin. Ana iya karkata kanta duk inda ake so, wannan ne amfaninta, amma duk zafinta a ruwa yake ƙarewa. Na biyu wadda aka raba gida biyu, motar tana wajen gilashi, farfela tana ciki, irin VorTech na kamfanin EcoTech Marine na Amurka. Ba waya a cikin ruwa, kuma yawancin zafin motar a iskar ɗaki yake fita, abin da ke da daraja ƙwarai a ƙasarmu. Sai dai ba a karkata ta, gaba kawai take turawa, ga tsada. Na uku doguwa ce mai kamar sanda, irin Gyre na Maxspect, tana shimfiɗa ruwa a faɗin tankin ya tafi ta sama ya dawo ta ƙasa. A tanki mai tsawon mita biyu ita ce ta fi kai ruwa ƙarshen bango.

Ko wacce ka zaɓa, ta zama ta DC, wato mai aiki da wuta irin ta batir, mai akwatin sarrafawa, wadda ake rage mata gudu. Ta AC, mai shan wutar soket kai tsaye, gudu ɗaya gare ta, kuma kunna ta da kashe ta kowane 'yan daƙiƙu don a yi igiya yana lalata ta.

Duba kaurin gilashi tun kafin ka biya kuɗi. Tanki irin namu gilashinsa milimita 15 ne zuwa 19, kuma kowace fanka akwai iyakar kaurin da maganaɗisunta ke riƙewa a rubuce. VorTech MP40, alal misali, iyakarta milimita 19. Fankar da maganaɗisunta ya gaza za ta zame ta faɗa kan yashi cikin dare, ta haƙa rami, ta binne murjani, wani lokacin har ta zare yashin ƙarƙashin duwatsu su rushe.

Uku ko huɗu matsakaita sun fi ɗaya babba. Ga tankinmu: biyu masu lita 15,000 zuwa 18,000, ɗaya a kowane gefe, da ƙarama ɗaya ko biyu masu 6,000 zuwa 8,000 don bayan duwatsu. Idan ɗaya ta mutu saura na aiki. Kuma su zama iri ɗaya gwargwadon iko, don adafta da farfela su shiga juna.

Game da farashi, an ce araha ba ta ado, amma a nan maganar ba ta miƙe haka ba. Fanka mai tsada guda biyu ba tare da ta ajiya ba, da mai sauƙin kuɗi guda huɗu da ta biyar a kwali, mu na biyun za mu zaɓa wa mutumin Auyo ko Garun Malam, domin abin da ke kashe tanki shi ne makonnin jiran kaya. Inda kuɗi ya isa, a sa masu motar waje a gefuna biyu saboda zafi, a cike bayan duwatsu da masu araha.

Akwai tsohon tsari na huda gilashi a ja ruwa da babban famfo na waje a mayar ta bututu da yawa. Yana ɓoye injina, amma yana cin wuta ninkin ba ninkin, kuma kowace huda wurin yoyo ce. A bar shi.

Mataki na biyar: famfon mayarwa da lissafin tsayi

Muna son sau 4, wato lita 3,600 a awa, a bakin bututun sama. Lambar jikin kwali kuwa ta famfon da ba ya ɗaga ruwa ko taƙi ɗaya ce. Sai a lissafa tsayin da zai yi fama da shi. Daga saman ruwan tankin ƙasa zuwa saman ruwan babban tanki, idan kabad ɗin santimita 90 ne, wajen mita 1.3 ne zuwa 1.4. Kowace gwiwar bututu mai kwana sosai a ƙiyasta ta da santimita 30, uku sun zama 90. Bawul da tsawon bututu a ƙara 30. Jimilla wajen mita 2.5. A takardar famfon akwai zane mai nuna lita nawa yake bayarwa a kowane tsayi, mita 2.5 za ka duba. Famfon da aka rubuta wa 8,000, mai iyakar tsayi mita 5, kusan rabi zai ba ka a nan, kuma shi ne daidai. Mai sayarwar da ba zai iya nuna maka wannan zane ba, nemi wani.

Bututu ya zama inci ɗaya da kwata. Lita 3,600 a awa lita ɗaya ce a daƙiƙa. A bututun inci ɗaya ruwan zai yi gudun kusan mita biyu a daƙiƙa, a inci ɗaya da kwata kusan mita ɗaya, gogayya ta ragu sosai, wat ma ya ragu. Bututun PVC da gwiwoyi da gam ana samun su a kasuwar Sabon Gari, amma ka tsaya a kan mai aikin famfo kada ya sa maka bawul ɗin tagulla don shi ya saba. A sa yuniyan, wato mahaɗar bututu da ake kwancewa, dab da famfon don a iya cire shi ba tare da yanka ba, da ɗan guntun tiyo mai laushi tsakaninsa da bututun, yana shanye kaɗawa. Bututun saukar ruwa kuma biyu, ɗaya na aiki, ɗaya a bushe yana jiran ranar da dodon koɗi zai toshe na farko.

Gwajinsa mai sauƙi ne: tara jarka mai lita 20 a bakin bututun saukowa. Idan ta cika a daƙiƙa 20, lissafi ya fita.

Sai batun da ke jiƙa dardumar falo. Da famfo ya tsaya, ruwan sama zai zuƙo baya ta bututun mayarwa har sai bakinsa ya sha iska. Fuskar tankinmu 200 sau 80 ce, saboda haka kowane santimita na zurfi lita 16 ne. Idan bakin bututun na santimita 5 ƙasa da saman ruwa, lita 80 za su sauko, ban da na cikin bututu. Dole tankin ƙasa ya kasance da filin lita 100 a kowane lokaci. A ɗaga bakin bututun kusa da sama, a huda ƙaramin rami na milimita 4 dab da ƙarƙashin layin ruwa don ya karya zuƙar, a riƙa tsokale shi kowane mako domin gansakuka na toshe shi. Kada a dogara da bawul mai hana komawa. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta hana shi rufewa. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan gwaji kullum tankin ke yin sa, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

Mataki na shida: zafi

Murjani na son digiri 25 zuwa 26, yana jure 27, idan ya daɗe a 30 sai ya yi fari ya mutu. Daga Maris zuwa Mayu kuwa iskar waje a Kano da Jigawa na kaiwa 40. Fankokinmu a kashi 60 za su ci wajen wat 55 gaba ɗaya, famfon mayarwa na DC wajen 45, jimilla 100. Wat 100 a awa 24 zafi ne da zai ɗaga lita dubu na ruwa da kusan digiri 2, in babu inda yake fita. Da ka sa famfunan AC masu cin 300, digiri 6 ke nan kake ƙara wa injin sanyaya ruwa, shi kuma ɗaruruwan wat yake ci. Wannan ne dalilin da ya sa muka ce a fara duba wat.

Rani na da nasa alheri. Iska a bushe take, don haka idan saman ruwa na rawa kuma ƙaramar fankar iska na hura shi, ruwa na tashi ya tafi da zafi. Kowace lita da ta tashi tana sauke lita dubu da fiye da rabin digiri. Gishiri ba ya tashi, saboda haka ruwan cikowa ya zama tatacce na injin tace ruwa da ake kira RO, marar gishiri, kullum, don ma'aunin gishirin ruwan ya zauna a 1.025 zuwa 1.026. A watan Agusta da iska ta jiƙe dabarar na raguwa. A hunturu kuma abin juyawa yake, hita ake nema da dare.

Mataki na bakwai: wuta

Injinan motsa ruwa su zauna a layinsu daban, na sola da batir, kada a haɗa su da firji da na'urar sanyaya ɗaki. Daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 8 na safe awa 15 ne. Wat 100 sau 15, kilowat-awa 1.5, da asarar inbata a ce 1.8. Batirin litiyam mai bolt 24 da 100Ah zai ɗauka, da ƙyar. Na ruwa kuwa, tunda rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe, sai biyu masu bolt 12 da 200Ah a jere. Wannan na injinan motsi ne kaɗai, ban da fitilu da injin kumfa da na sanyaya ruwa. Kwanakin hazo mai kauri da na hadari farantan sola na ragewa, a bar rara.

Bayan wannan, fanka ɗaya ta samu batirinta na kanta wanda bai bi ta inbata ba, domin inbata ma na mutuwa. Ƙananan batira biyu na bolt 12 da 40Ah a jere za su riƙe fanka mai cin wat 12 kusan awa 40. Ita ce za a ɗora mafi kusa da saman ruwa. Amma a lura: batirin da ake kira na 24 yana haura 28 lokacin caji, kuma wannan na iya ƙona akwatin sarrafawa, sai a sa na'urar daidaita bolt a tsakani.

Inbata ta zama mai tsaftatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine. Kayan da aka yo odarsu daga Amurka a karanta jikin adaftar: in an rubuta 100 zuwa 240 babu matsala, in 120 ne kaɗai, wutarmu ta 230 za ta ƙona shi nan take. A sa birki mai yanke wuta idan ta zurara, na miliamfiya 30, domin hannu a ruwan gishiri da waya mai tsagewa ba abin wasa ba ne. Kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya zuba a ƙasa. Adaftoci da akwatunan sarrafawa a kafe su a bango wajen kabad, inda iska ke ratsawa. Cikin kabad akwai danshin gishiri da zafi. Wayoyi a zura su a bututu saboda ɓera.

Mataki na takwas: girkawa da karanta tankin

Manyan fankoki biyu a gefuna, suna kallon juna amma ba saiti ɗaya ba, ɗaya ta ɗan matso gaba ɗaya baya, santimita 10 zuwa 15 ƙasa da saman ruwa. In sun fi haka sama za su riƙa zuƙo iska suna feso kumfa. In sun yi ƙasa sosai za su share yashi. Ƙananan a bangon baya, suna hura bayan duwatsu. Duwatsun kansu a bar musu taƙi guda daga gilashi ta kowane ɓangare. Yashi mai ƙwayar milimita 1 zuwa 3 ya fi zama. Mai laushi kamar gari tashi zai yi ta yi.

A fara da kashi 30, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk bayan kwana biyu ko uku. A zaɓi tsarin da gudu ke hawa da sauka ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda fankar dama ke ƙaruwa yayin da ta hagu ke raguwa. Tsarin da ke kaɗa ruwan gaba ɗaya daga bango zuwa bango yana da kyan gani, amma nauyin tan guda ne ke jijjiga silikon da ya haɗa gilashin dare da rana. In ba ka san wanda ya haɗa gilashin ba, ko kabad ɗin bai zauna daram a kan siminti ba, ka ƙyale shi.

Don gano inda ruwa ke kwanciya, watsa ɗan abincin kifi mai laushi ka bi shi da ido. Inda ya sauka ya zauna, nan datti zai taru, nan kuma jan yauƙi zai fara shimfiɗuwa a kan yashi. Murjani ma na faɗin nasa: mai dogayen yatsu ya riƙa rangaji a hankali, in ya kwanta gefe ɗaya ko ya ƙi buɗewa, ruwa ya yi masa yawa, in gefen da ke kallon fanka ya fara nuna farin ƙashi, a juya ta yau, ba gobe ba, mai laushi irin na fata da ya kwana biyu da yauƙi a kansa bai zubar ba, ƙari yake so. Idan akwai animoni, wata halittar teku mai laushi mai kama da fure, ko ƙananan kifaye, a rufe fankoki da raga.

Wasu na rage gudu sosai da dare don batir ya kai safe. Kada a sauka ƙasa da rabin na rana. Da dare ne komai a tankin ke shan oksijin babu mai samarwa. Maɓallin tsayar da injina lokacin ba da abinci kuma ya zama mai komawa aiki da kansa bayan minti 10, musamman in yaro ne ke ba da abincin.

Wanki da ajiya

Duk wata biyu zuwa uku a cire fanka ɗaya, a kwance ta, a jiƙa a ruwan sitirik asid, garin tsamin da masu haɗa lemo ke saya, wajen giram 50 a lita, na awa ɗaya. A goge da tsohon buroshin haƙori, a ɗauraye, a mayar, sannan a ɗauki ta gaba wani makon. A duba robar da ta lulluɓe maganaɗisu. In ta kumbura ko ta nuna tsatsa, a jefar, domin ƙarfe take zubawa a ruwa. Lokacin hunturu a kakkaɓe ƙurar adaftoci kowane mako. A kwali kuma kullum a samu fanka ɗaya, adafta ɗaya, da famfon mayarwa ko da ƙarami ne wanda bakinsa ya dace da yuniyan ɗin da ke wurin. Sau ɗaya a wata, da rana kana tsaye, kashe babban layin na minti 15: ka ga inda ruwan tankin ƙasa ya tsaya, ka ga ko fankar batir ta karɓa, sannan ka kunna ka tabbatar kowane inji ya tashi da kansa ba sai an taɓa shi ba.